Minti Ukun Baba Zubairu

Ni na sa sunan Baba Zubairu a bikin nan, don haka duk mai neman wanda zai zaga a kan abin da ya faru, ya fara da ni. Na riga na zagi kaina har na gaji.

Sunana Murja, 'yar Azare ce. Shekarata shida a Alƙahira ina karatun adabin Larabci, mijina Isma'il kuma yana fama da nasa na hadisi. Muna zaune a unguwar Hayyus Sabi', hawa na huɗu, a wani gini da lif ɗinsa ya mutu tun kafin mu tare. A ƙarƙashin matakalar ginin akwai wani lungu da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Nan Baba Zubairu ya kafa keken ɗinkinsa.

Ranar da na fara kai masa abaya ya rage mini tsawo, da Larabci na yi masa magana, don na gan shi da farar jallabiya da rawani irin na mutanen Sudan. Yana cikin awo ƙanwata ta kira ni daga gida, na ɗauka na hau yi mata faɗa. Ina kashe wayar na ga tsohon ya saki allin hannunsa yana kallona.

"Ke, 'yar wane gari ce?" ya ce, da Hausa.

Ashe Bahaushe ne haifaffen garin Wad Madani na Sudan. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je hajji, ya yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Tun daga ranar na zama 'yarsa ƙarfi da yaji. In na yi tuwo sai na sauko masa da shi, shi kuma ya ƙi karɓar kuɗin ɗinkina, mu yi ta rigima.

Sai da muka yi wata biyu kafin ya ba ni labarin Zahra. Ita kaɗai ce 'yarsa, uwarta ta daɗe da rasuwa. Ranar da yaƙi ya shigo garinsu, mutanen unguwa suka samo manyan motoci biyu, aka ce mata su hau ta gaba, maza ta baya. Shi da kansa ya tura ta sama, ya miƙa mata jakarta. A wata mararraba motar mata ta bi dama, tasu ta lalace, kafin a gyara an rufe hanyar. Daga baya wasu masu bindiga suka karɓe masa waya a hanya, da lambobin da ke ciki, da hotuna. A lokacin kusan shekara biyu ke nan, bai san ko tana raye ba. Kuma ba shi da hotonta ko guda ɗaya.

Ba inda ban kai shi ba. Mun cika takardun cigiya a ofisoshin agaji har na haddace tambayoyinsu. Na rubuta sanarwa na watsa a duk wani dandalin 'yan Sudan da na sani. To amma cigiya ba hoto, wa zai tsaya ya karanta? A yini ɗaya ana saka irinta ɗari, kafin la'asar tamu ta nutse.

Abu ɗaya na lura da shi: in yana ɗinki yakan yi waƙa ƙasa-ƙasa. Ya rera baiti ɗaya, ya yi shiru, sannan ya ɗauko na gaba. Ni a tunanina zare yake cizgewa da haƙori. Ban taɓa tambaya ba, Allah na tuba.

Akwai wata 'yar ƙungiyar mawaƙa baƙi mazauna Masar da nake zuwa duk wata a unguwar Ma'adi. Wata Bamisriya ce ke riƙe da ita, Ustaza Samah, mace mai kirki amma mai son komai a kan tsari. A bara ta ce za ta haɗa waƙoƙinmu mu arba'in a littafi ɗaya, a ƙaddamar da shi a bikin waƙa da za a yi a bakin teku a Iskandariyya. Ni ba littafin ne ya tsaya mini a rai ba. Cewa ta yi za a haska bikin kai tsaye a wani shafin intanet da 'yan Sudan ke bi kamar me, wanda aka yi kafin wannan mutum dubu ɗari biyu suka kalla.

Ranar a guje na sauko daga mota. Na ce, "Baba, ba ka da hoto amma kana da murya. Ka yi mata waƙa, ka faɗi sunanta, ka faɗi inda kake. Ko ita ba ta gani ba, wani da ya santa zai gani."

Ya daɗe yana juya almakashi a hannu. Ya ce shi fa bai taɓa waƙa a gaban jama'a ba, a gida kawai yake yi. Na ce to yanzu lalura ta kama. Bayan kwana huɗu ya miƙo mini littafin rubutu na 'yan makaranta, da ajami mai kyau kamar na allo. Baiti arba'in da ɗaya! Sunan Zahra bai fito ba sai a na goma sha tara.

Na ce, "Haba Baba! Shafi ɗaya aka ba kowa, minti uku kuma a kan dandamali. Mu fara daga wurin sunanta."

Ya kalle ni kamar na ce ya yi salla ba alwala. "Waƙa ba ta shiga ta taga, Murja. Yabon Ubangiji ba ya fita. Salati ba ya fita. Addu'a ga iyaye ba ta fita."

"Baba, Allah ya san kana yabonsa. Zahra ce ba ta san inda kake ba."

"Astagfirullah," ya ce, ya juya ga kekensa. Kwana biyu bai ci tuwona ba.

Isma'il ya ce ni ma bakina ya yi yawa, in je in ba shi haƙuri. Na je, muka zauna muka yi ciniki kamar masu sayen akuya, ina ja yana ja, har muka tsaya a baiti tara. Uku na buɗewa, ɗaya na sallama ga jama'a, biyu na ranar da suka rabu. Na bakwai shi ne sunanta, na takwas inda yake zaune, na tara kuma nasa sunan, kamar yadda mawaƙanmu ke rufewa. Na fassara su zuwa Larabci na kai wa Ustaza Samah.

Saura mako guda biki littafin ya fito. Na je Ma'adi na ɗauki ɗaya daga cikin kwali, na buɗe shafi na talatin da ɗaya. Baiti uku ne kawai a ciki. Mai ɗab'i ya sa Hausar, ya sa fassarar, ya sa ɗan tarihin mawaƙi, da shafi ya cika ya yanke sauran. Yabon Allah, salati, addu'a ga iyaye, shi ke nan. Ko harafi ɗaya na sunan Zahra babu.

Wallahi ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Ustaza Samah ta dafa ni tana cewa, "Ma'alish, ya Murja, kowa haka aka yi masa, an ɗauko daga sama ne." Na ce ai su sauran daga sama suke fara maganarsu, shi kuwa sai ya gama gaisuwa tukuna. Ta ce kwafi dubu an riga an buga, ba abin da za ta iya. Ma'alish ɗin nan na mutanen Masar, wato a yi haƙuri, in aka faɗa maka ita, to magana ta ƙare.

Na kai wa Baba littafin ina jin kunya. Ya sa tabarau, ya shafa shafin da yatsa, ya ce, "To, ai sun fara da abin da ya kamata." Ni kuwa kamar in yi ihu. Yanzu dandamali kaɗai ya rage mana, minti uku.

Na ce ya rera mini in auna da agogon waya. Ya girgiza kai. "Wannan waƙar sau ɗaya zan iya rera ta, 'yata. In na zubar da ita a nan, ranar ba zan samu abin ɗauka ba." Ban matsa ba. Ai na san karin muryarsa, kullum ina ji. Na shiga kicin na rufe ƙofa na rera ta da kaina, a hankali, yadda yake yi. Minti biyu da daƙiƙa talatin da biyar. Na sake, haka. Na sake na uku har da jan murya, ba ta kai minti uku ba. Na sauko da murnata na ce masa, "Tamam, Baba, ta yi daidai, har da canji."

Ranar Asabar da sassafe muka hau motar da ƙungiya ta ɗauko mana. Baba ya goge jallabiyarsa har tana ɗaukar ido, ya fesa turare, ya riƙe littafin rubutunsa a ƙirji duk da ya haddace abin da ke ciki. Bai ci komai ba a hanya. Da muka shiga Iskandariyya motar ta karya kwana, tekun ya buɗe a gabanmu, sai ya dafa gilashi. Ashe bai taɓa ganin teku ba. Ya ce, "Duk wannan ruwan, kuma ba a sha?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

An kafa dandamalin a kan yashi, da kujerun roba wajen ɗari uku, da teburin da aka jera littafin. Iska tana ta fizgar mayafai. A gaban dandamali an kafa waya a kan sanda mai ƙafa uku, ita ce ke kai bikin duniya. Tun da muka zauna Baba bai kalli mutane ba, wayar nan yake kallo.

Mai gabatarwa wani ne Ustaz Mahir, dogo, da 'yar ƙararrawa a hannu. Ya sanar tun farko cewa izinin da aka ba su na wurin zuwa magariba ne, don haka kowa minti uku. To ka san mawaƙa. Na farko ya ci minti bakwai, na biyu ya tsaya gode wa matarsa da malaminsa na firamare. Kafin a kai mutum na goma an ci kusan rabin lokaci, fuskar Mahir ta canza.

Ni ce ta goma sha biyu. Na hau na karanta wata waƙata ta Larabci a kan kewar gida, aka tafa mini, na sauko ina jin daɗi. Wannan ma yana cikin abin da ke cina har yau. Minti uku cur a hannuna, ga makirufo, ga waya tana kallona, ban ce uffan a kan Zahra ba. Na ɗauka an riga an gama lissafi.

Daga mutum na ashirin Mahir ya daina wasa. Ƙararrawa ɗaya, ya ɗaga wa mai na'ura hannu, a kashe makirufo, a juya waya ga na gaba. Wani Basiriye aka fara yi wa haka, ya sauko yana surfa zagi. Na leƙa Baba na ce, "Ka gani ko? Kada ka tsaya gaisuwa, kana hawa ka fara." Ya gyaɗa kai.

Rana ta yi ja sosai lokacin da Mahir ya ce, "Zubairu, daga Sudan, da harshen Hausa." Na riƙe masa hannu har matakala. Na koma gefe na danna agogon wayata.

Bai gaisa da kowa ba, ya cika alkawari. Ya rufe ido ya ɗauka:

*Da sunan Rabbu zan buɗe bakina,*
*Mai sanin inda tsuntsu ya kwana.*

Jama'a, muryar nan! Ban san tsohon yana ɓoye irinta a ƙarƙashin matakala ba. Wurin ya yi tsit, har masu sayar da shayi suka tsaya. Na ji tsigar jikina ta tashi.

Sai ya yi shiru.

Na ɗauka numfashi yake ja. Daƙiƙa biyar, goma, sha biyu. Ya ɗan karkata kai gefe kamar mai sauraron wani a ɗaki na kusa, yatsansa yana bugun cinyarsa a hankali. Mahir ya matso yana zaton ya manta. Sannan ya ɗauko na biyu:

*Salati ga Manzo, hasken idona,*
*Da alai, sahabbai, abin koyina.*

Ya sake yin shiru, daidai tsawon na farko.

A nan na gane. Shirun nan na san shi. Shi ne wanda nake ji kullum a bakin keke, wanda na ce zare yake cizgewa. Ashe wurin amshi ne. Ni Murja, da na tashi a Islamiyyar da ba a taɓa rera waƙa ba amshi, na zauna a kicin ina auna baitoci a jere kamar mai karanta jarida! Bai rubuta amshin a littafin ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na duba waya. Baiti biyu, minti ɗaya ya tafi. Na yi lissafi a tsaye, na sake yi, amsar ba ta canza ba. Baiti shida zai samu, sunanta kuwa yana na bakwai.

Na matsa bakin dandamali ina ɗaga hannu. "Baba! Tsallake! Je ka wurin sunan!" Iska ta kwashe maganar, idonsa kuma a rufe. Na ruga wurin Mahir na kama hannun rigarsa, ni da ban taɓa taɓa namijin da ba nawa ba a bainar jama'a. Na ce masa da Larabci, don Allah minti ɗaya, 'yarsa yake nema, sunanta yana gaba. Ya ce, "Ya sitti, baiwar Allah, kowa da dalilinsa. Saura mutum tara, ga rana nan." Ya zame hannunsa. Ban ce mugu ba ne. Ya kashe wa mutum goma kafin Baba, ba zai iya ƙyale na sha ɗaya ba.

Baba ya yi sallama ga jama'a, ya jira. Ya faɗi ranar da hayaƙi ya rufe gari, ya jira. Ya faɗi motoci biyu da mararraba, wasu mata 'yan Sudan da ba sa ma jin Hausa suna share hawaye. Ya jira. Cikin wannan jiran ƙararrawa ta buga.

Na ga mai na'ura ya murɗa abinsa. Na ga an juya wayar zuwa ɗaya gefen, inda wata 'yar Yaman ta riga ta tsaya da takardarta. Aka tafa wa Baba sosai, don kowa ya ɗauka ya gama. Shi kuwa bai sani ba. Ya buɗe baki cikin tafin nan da ƙugin teku:

*Ina cigiyar Zahra, 'yar cikina,*
*Madani muka rabu, can ne garina.*

*Ku ce mata Masar na sauke kayana,*
*A Hayyus Sabi' na kafa kekena.*

Ni kaɗai na ji, ni da na riga na sani. Yana tsaye a gaban mataccen makirufo yana ba da adireshinsa, lasifika kuwa tana fitar da muryar wata daban. Sai da ya kai baitin ƙarshe ya faɗi sunansa, ya jira amshin ƙarshe, sannan ya buɗe ido. Ya ga wayar ta ba shi baya.

Na roƙi Ustaza Samah ta ba ni daƙiƙa talatin a ƙarshen taro. Ta ce insha Allah, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Amma mutum na talatin da takwas yana kan dandamali aka kira magariba, masu wurin suka zare wuta, aka kashe wayar. Mutum biyu ma ba su samu hawa ba.

Na same shi zaune a kan katangar bakin ruwa, takalmansa a hannu. Na so in lallashe shi, amma abin da ya fito daga bakina daban.

"Me ya sa, Baba? Me ya sa kake ta tsayawa? Wa zai amsa maka a nan? Cikin mutanen nan wa ke jin Hausa?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ban san yadda ake rera ta ba amshi ba, Murja. Shekara ashirin, in na kai ƙarshen baiti, uwar Zahra ta amsa. Da ta rasu, Zahra ta karɓa. Bakina ba ya tafiya sai an amsa, ko an yi kamar an amsa."

"To da ka faɗa mini, ai sai in hau in yi maka, mu yi sauri."

"Na gida ne," ya ce. Ya kalli ruwan. "Ba a ji sunan ba ko?"

Na ce ba a ji ba. Na zauna a gefensa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Kwana uku ban iya sauka wurinsa ba. Rana ta huɗu da hantsi ya aiko Isma'il ya ce in zo da wayata. Ya ce an gaya masa mutane suna rubutu a ƙarƙashin hoton bikin, shi idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa, in karanta masa. Mutum dubu ɗari da saba'in sun kalla. Na zauna a kan buhun ƙyallaye na fara bin rubutun ɗaya bayan ɗaya. Masha Allah. Wane yare ne wannan? Allah ya mayar da mu ƙasarmu lafiya. Wani ma yana tallar gidan haya. Baba yana ta ɗinkinsa yana gyaɗa kai.

Sai na zo kan wani layi da haruffan Larabci amma ba Larabci ba ne. Na haɗa shi da ƙyar, na ga ashe Hausa ce da ajami. An rubuta shi ne ana tsakiyar haskawa, daidai lokacin da Baba ke kan dandamali. Na karanta a fili ba tare da na san me nake karantawa ba:

*Ya Allah, kai mu gida da rana.*

Keken ya tsaya. Allura ta tsaya a cikin yadi.

"Sake faɗa," ya ce.

Na sake. Na gangara ƙasa, na ga an sake rubuta shi. Na ƙara gangarawa, ga shi kuma. Sau shida, rabin minti tsakanin kowanne da na gaba. Duk inda ya yi shiru, an cike masa.

Ya tashi tsaye, ya koma ya zauna, hannunsa yana neman abin kamawa. Ya ce uwarta ce ta ƙirƙiro shi, lokacin Zahra tana goye, in sun taso daga kasuwa suna sauri kada magariba ta same su a hanya. Ya ce ba a littafi yake ba, ba a taɓa yin sa a waje ba, mutum uku ne suka san shi a duniya, ɗaya tana kabari.

Na buɗe shafin mai rubutun. Babu hoto. Sunan wani namiji ne, Tarig, babu gari, babu komai, da alama wayar aro ce. Na tura saƙo nan take: sunan Baba, unguwa, lambar gini, lambata, lambar Isma'il. Na rubuta a ƙarƙashin duk layi shidan. Na kira ta shafin, bai shiga ba. Ustaza Samah ta bincika akwatin saƙon ƙungiya, ba wanda ya nemi Zubairu. Na ɗauki Baba a waya ya faɗi komai da bakinsa, aka saka a shafin bikin, mutum dubu huɗu suka kalla, suka yi addu'a.

Yau wata biyar ke nan. Saƙona yana nan yadda na tura shi, ba a buɗe ba. Shafin Tarig bai sake motsi ba tun ranar bikin. Ban san a wace ƙasa take ba, ban san wayar wa ta ara ba, ban san me ya sa ba ta sake samunta ba. Abin da na sani, ta zauna a wani wuri ta amsa wa ubanta sau shida, tana jiran baiti na bakwai, sai aka nuna mata wata 'yar Yaman. In ma ta samu hanya ta shigo Masar, Iskandariyya za ta nufa, don can ta gan shi. Har can na koma sau biyu na liƙa takardu a shagunan 'yan Sudan.

Kullum da safe in zan fita sai ya ɗago kai daga keke. Ba ya ma tambaya yanzu, kallona kawai yake yi, ni kuma in girgiza kai. Isma'il ya ce in gode wa Allah, aƙalla mun san tana raye. Na gode. Amma da na auna waƙar nan yadda ya kamata, da yanzu ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Jiya da la'asar na dawo daga makaranta, na ji shi yana rerawa ƙasa-ƙasa kamar kullum. Na tsaya a matakala. Ya kai ƙarshen baitin farko ya yi shiru, kansa a karkace. Shirun ya yi mini nauyi, na kasa jurewa. Ai yanzu na san amshin. Na buɗe baki na ce, "Ya Allah, kai mu..."

Ya ɗaga hannu bai ko waiwayo ba.

"A'a, 'yata," ya ce. "Bar mata wurinta."

Na yi shiru. Muka jira tare har tsawon amshin ya cika, sannan ya ɗauko baiti na biyu.